Amanar Fuska

Kafin zuwan kyamara, masu hannu da shuni a Turai suna da wani ɗan abu da suke ji da shi ƙwarai: zanen fuskar mutum ɗan mitsitsi, wanda bai wuce tafin hannu ba, wani ma bai kai bakin kofin shayi ba. Da fari a kan fata mai laushi ake yin sa da launin ruwa. A farkon ƙarni na 18 wata mai zane 'yar birnin Venis na Italiya, Rosalba Carriera, ta yaɗa yin sa a kan siririn ɓantaren hauren giwa. In an gama sai a saka shi cikin 'yar batta ta zinariya ko azurfa, a rataya a wuya ko a zura a aljihu. Matafiyi ya tafi da fuskar matarsa, uwa ta riƙe ta ɗanta da ya tafi yaƙi, sarki ya aika a zano masa wadda ake so ya aura. Da Louis Daguerre ya bayyana dabarar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sana'ar ta fara mutuwa. Yau 'yan battocin suna gidajen tarihi da kasuwannin gwanjo, da yawa daga cikinsu ba a ma san fuskar wa ke ciki ba.

Duk wanda ya riƙi irin wannan batta ya san abu guda: fuskar da ke ciki ta hannun wani ta biyo. Mai zanen ne ya ga dama ya bar tabo ko ya share shi, ya rage tsawon hanci ko ya bar shi yadda Allah ya yi. Tambayar da muke son mu tauna ita ce wannan: idan fuskar mutum ta faɗo hannunmu, shi kuma ba ya nan balle ya yi magana, me ya halatta mu yi mata? Mu gyara ta don ƙauna, ko mu bar ta don gaskiya?

Da wuya a sami wanda tambayar ta shafa kamar Gerard de Lairesse, ɗaya daga cikin manyan masu zane na zamanin da masana ke kira Barok. An haife shi a birnin Liège, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, a 1641, ya koma Amsterdam wajen 1665. Nan ya yi suna. Attajirai suka riƙa ɗaukarsa ya ƙawata musu rufin ɗakuna da labaran Girkawa da Rumawa, shi ne kuma ya yi zane 105 na sassan jikin ɗan Adam da ke cikin littafin likita Govard Bidloo na 1685. Wajen 1690 ya makance. Da alƙalamin zane ya faɗi daga hannunsa sai ya koma karantarwa, ana taruwa a gidansa yana bayani ana rubutawa, har abin ya zama babban littafinsa kan ƙa'idojin zane, wanda ya fito a 1707. Ya rasu a 1711.

Ra'ayinsa a fili yake. A wurinsa aikin mai zane shi ne ya tsinto mafi kyau daga halitta, ya watsar da saura. Bai ga dalilin ɓata fenti a kan mabarata da gidajen giya ba. Ya keɓe wuri a littafin ya yi bayanin yadda za a saya nakasar fuska idan aka zo zana mutum. Ya kuma soki salon Rembrandt, yana kamanta kaurin fentinsa da taɓo, duk da ya yarda cewa a da salon ya burge shi.

Abin da ya sa labarin ya yi nauyi shi ne fuskar Lairesse ɗin kansa. Karan hancinsa a lotse yake, kamanninsa na firgita wanda bai saba ba, likitocin da suka yi nazari kuma suna ganin tunjere ne da ya ɗauko tun daga ciki, mai yiwuwa shi ne ya ci idanunsa daga baya. Ba laifinsa ba ne, gado ya yi. To, Rembrandt ɗin da ya soka ya taɓa zana shi, wajen 1665, lokacin yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Zanen yana gidan tarihi na Metropolitan a birnin New York. Rembrandt bai ɗaga masa hanci ba, bai cike masa abin da cuta ta cinye ba. Amma ya zaunar da shi cikin tufafi na mutunci, da takarda a hannu, haske na sauka a kan gashinsa, idanunsa na kallon mai kallo ba tare da sunkuyar da kai ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yadda ake ɓoye aibi, zanen da bai ɓoye nasa ba ne ya fi kai sunansa nesa.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da rigimar masu zanen Holan. Ai mu ba mu gaji zanen fuska ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna hukuncin sura, Malikawa suka bambanta mai inuwa da marar inuwa, wannan kuma fagensu ne. A aikace dai kakanninmu da baki suke adana mutum. Imam Tirmizi ya tara siffofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a littafin Shama'il, ana karanta shi a zaurukanmu har gobe ba tare da an zana ko layi ɗaya ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin sanarwar Daguerre, saboda haka duk hoton da ake yawo da shi a waya ana cewa shi ne, ƙage ne. Abin da muke da shi na Shehu shi ne abin da ɗansa Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Nana Asma'u suka rubuta na halinsa. Namoda, wanda garin Ƙauran Namoda ke amsa sunansa, ba wanda zai iya nuna mana fuskarsa. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa ta Zurmi a hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sarkin Musulmi da kalmomi ya siffanta shi, amma yaransa biyu, Dorugu da Abbega, an zana su a littafinsa. Wato ɗan Hausan da ke yi wa baƙo hidima ya bar mana kamanninsa, manyan zamaninsa kuwa sai dai suna da kirari.

Sai dai wannan zamani ya wuce. Yanzu kowannenmu yana da 'yar battarsa. Hoton fasfo da ake liƙawa a takardar makaranta, hoton katin zaɓe, hoton rajistar ɗan ƙasa da aka matsa wa kowa ya haɗa da layin wayarsa tun ƙarshen 2020, duk ƙananan zanen fuska ne da ba su kai tafin hannu ba. Bambancin kawai shi ne na Turawan da ƙauna ce ke sa a yi su, namu kuwa hukuma ce. Tsoho ya zauna gaban farin ƙyalle, a ce ya ɗaga hula, ya kalli nan, kada ya motsa, a ƙyasta, a kira na gaba. Ba wanda ya tambaye shi ko ya shirya.

A wuri irin Gurbin Bore, cikin ƙasar Zurmi da ta yi iyaka da Katsina da Jamhuriyar Nijar, wannan ɗan hoto ya wuce abin wasa. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda. Wanda ya gudo da dare ba ya tsayawa ciro hoton bango. Abin da ke aljihu shi ke tsira. Mu ƙaddara wani saurayi ne da iyalinsa suka baro ƙauye suka raɓe a Ƙaura ko Gusau, mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya, abin da ya rage na kamanninsa shi ne katin zaɓen da zufa da rana suka koɗar. Saurayin yana da waya. Ya ɗauki hoton katin, ya miƙa wa ɗaya daga cikin manhajojin nan masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke alƙawarin raya tsohon hoto. Kafin ya ƙifta ido ga dattijo tas, fata sumul, ido na ƙyalli, gemu a tsefe. Ya kai a wanke masa babba, ya rataya a ɗaki.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da ya faru a cikin wannan ƙiftawar ido, kuma ya kamata mu faɗe shi da Hausa. Hoto tarin ɗigo-ɗigo ne. Na jikin kati ɗigonsa kaɗan ne, babban da za a rataya kuwa yana buƙatar miliyoyi. Ɗigon da babu, babu shi. Ba ɓoye yake a wani lungu ba da za a ce na'ura ta tono shi. Abin da manhajar ke yi shi ne kintace: an nuna mata fuskoki masu ɗimbin yawa, ta koyi yadda ido da hanci da leɓe suka saba kasancewa, sai ta cike gurbin da abin da ya fi yawa a cikin waɗanda ta gani. A 2020 wani ya gwada wata manhaja irin wannan mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar. Ya ba ta dusasshen hoton Barack Obama, ta mayar masa da fuskar wani Bature. Manhajar ba ta yi kuskure a lissafinta ba, fuskokin da ta fi gani ta bi.

A ƙasarmu abin ya fi haka zafi. Dattijon Zamfara yana iya kasancewa da tsage a kumatu, aikin askar wanzami tun yana jinjiri, wanda ke gaya wa mai ido Bazamfare ne ko Bagobiri, har ma gidan da ya fito. Manhajar da aka horar ta share karcewar takarda ba ta da hanyar sanin cewa wannan layin ba karcewa ba ne. Tana iya goge shi tare da tabon zufa. Ga shi kuma tsarin nan da aka yi tsage ya kusa ƙarewa, jikoki ba su da shi. Idan ya fita daga hoton kaka, ya fita daga gidan ke nan. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan fuska tun kafin a san za a yi ta: kama da wane ba wane ba ne.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa saurayin laifi, domin Lairesse yana da hujja, kuma hujjarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu mutane ne masu son sutura. A zaman makoki alherin mamaci ake ambata, a bar sauran wa Allah. Maroƙi in ya tashi yi wa mutum kirari yakan mai da shi giwa ko hadari, ba wanda ke ce masa ya yi ƙarya. Uwa na kallon ɗanta ta ga kyan da maƙwabta ba su gani. In har ƙauna ta saba ƙawata wanda take so da baki, me zai hana ta yi da na'ura? Kuma hoton katin ma ai ba gaskiya tsantsa ba ne. Mutum ne a gajiye, bayan tsayuwar layi, cikin hasken da bai dace ba. Ɗansa ya san shi da fara'a. Wataƙila gyararren hoton ya fi kusa da uban da yake tunawa.

Wannan magana tana da ƙarfi, amma akwai inda ta karye. Kirari yana sanar da kansa. Duk wanda ya ji an ce wa mutum giwa ya san ba hanci mai tsawo ake nufi ba, ya san ana yabo ne, sai ya rage abin da zai rage. Hoto ba haka yake shigowa ba. Shi da rigar shaida yake zuwa. Mun taso muna cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, yana korar sa. Jikan da bai riski kakansa ba zai tashi da fuskar bango a matsayin kakansa, ba zai taɓa zargin ta ba. Har ita matar marigayin, da ta zauna da shi shekara arba'in, in ta daɗe tana kallon sabuwar fuskar safe da yamma, sannu a hankali za ta fara danne wadda ke cikin zuciyarta, domin abin da ido ke gani kullum ya fi abin da ake tunowa ƙarfi. A ƙarshe mutumin ya mutu sau biyu, na biyun kuma a hannun mai ƙaunarsa.

To ashe sai mu ce a nuna komai yadda yake? A nan ma akwai rami, kuma mun fi faɗa masa. Duk lokacin da aka kai hari, kafin a yi jana'iza hotunan gawarwaki sun cika WhatsApp da Facebook. Masu turawa suna cewa so suke duniya ta sani, kuma ba za mu ce ba su da dalili ba. Mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, muka san yadda ƙauye ke zama idan ba mai jin kukansa. Akwai buƙatar shaida, akwai waɗanda ya wajaba su gani. Amma mutumin da ke kwance cikin jini ya yi shekara sittin yana da wata fuska: wadda ya je Idi da ita, wadda ya yi ciniki da ita a kasuwar Shinkafi, wadda ya yi wa jikokinsa dariya da ita. Da dannawa ɗaya mun mai da mafi munin sa'arsa ta zama ita ce kamanninsa a wurin dubban da ba su san shi ba, 'ya'yansa kuma za su yi ta cin karo da ita shekaru masu zuwa, don intanet ba ta binne komai. Hoton gaskiya ne, ba a ƙara masa ko ɗigo ba, amma an ci amana. Shari'ar da ta ce a yi wa mamaci wanka a asirce, a lulluɓe shi, mai wankan kuma ya kama bakinsa, ta san abin da take karewa.

Ke nan gaskiya kaɗai ba ta wadatar, ƙawatawa kaɗai ma haka. Akwai wani tsohon labari da marubucin Rumawa Pliny ya kawo, na mai zane Apelles da aka sa ya zana Sarki Antigonus mai ido ɗaya. Sai ya juya shi ta gefen lafiyayyen idon. Bai ƙirƙira masa ido na biyu ba, bai kuma tsone wa jama'a ramin na farko ba. Duk abin da ke cikin zanen na sarkin ne. A ganinmu iyakar tana nan. Wanda fuskar wani ta faɗo hannunsa yana da damar zaɓe: wane hoto zai fitar, wane zai ajiye, ta wane gefe, cikin wane haske. Yana da damar rufewa. Abin da ba shi da dama shi ne ya ƙara abin da babu sannan ya yi shiru, ko ya cire abin da mutumin ya rayu da shi kamar abin kunya ne. Rembrandt ma a cikin wannan iyaka ya tsaya. Haske da tufafi da zama duk zaɓinsa ne, ya kuma zaɓe su don girmamawa. Hancin kuwa na Lairesse ne, sai ya bar masa kayansa.

Rayayye lamarinsa da sauƙi. Budurwar da ta sa manhaja ta haska mata fata kafin ta ɗora hoto, fuskarta ce, tana nan kuma, gobe za a gan ta a biki a gwada. Muna iya yi mata magana a kan dalilin da ya sa hasken fata ya zama shi ne gyara, magana ce kuma da ta cancanci a yi. Amma tana iya ba mu amsa. Mamaci da wanda aka sace da wanda ya ɓace a gudun hijira ba su da bakin cewa wannan ba ni ba ne. Rashin bakin nan shi ke mayar da fuskarsu amana, kamar dukiyar maraya: ana kula da ita, ba a juya ta yadda aka ga dama.

Kaso mafi girma na nauyin yana kanmu masu gina waɗannan kaya. Mu ne muke rubuta kalmar “maidowa” a jikin maɓalli alhali mun san kintace ne. Mu ne muke barin gyaran fata a kunne tun daga masana'anta, har mutum ya ɗauki hoton mahaifiyarsa bai san wayar ta riga ta taɓa shi ba. Babu wata wahala a fasaha da ta hana manhaja ta ajiye na asali kusa da gyararre, ko ta rubuta a jikin hoton cewa na'ura ta cike wasu sassa. Abin da ke hanawa shi ne gaskiyar tana rage armashi, armashi kuma shi ke kawo kuɗi. Wanda duk a cikinmu ya samu kansa a teburin da ake yanke irin wannan shawara, ya tuna akwai gidajen da hoto ɗaya tak ya rage musu.

Su kuma iyalai, abin da za mu roƙa kaɗan ne. Wanda ya ga zuciyarsa na son gyararren hoto, ya yi, amma kada ya jefar da koɗaɗɗen katin, ya kuma gaya wa yara wanne ne wanne. A rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu a bayan hoto, kada ya zama irin battocin Turai da ake gwanjonsu ba suna. Sannan a koma ga abin da muka fi kowa iyawa. A zauna da tsofaffin da suka san shi tun suna da rai, a ce su siffanta shi: tsayinsa, tafiyarsa, yadda yake karya hula, tsagen da ke kumatunsa guda nawa ne kuma wane wanzami ya yi, abin da yake faɗa in ya fusata, abin da ke sa shi dariya. Wayar da ke iya ƙirƙiro masa baƙuwar fuska tana iya naɗar muryar ƙanwarsa tana ba da wannan labari, da Zamfarcinta, ba tare da an gyara mata ko harafi ba.